Gilashin da Ba a Sa wa Komai Ba

Ranar da na fara ganin ruwan ƙasa a madubin likita, har na miƙe zan je in kira mai duba aikina. Wata uku ina jiran kwalbar antibodi da ba ta kai ɗan yatsa girma ba, wadda ta cinye rabin kuɗin bincikena na digiri na biyu, ga shi yau ta yi aiki. Yankan ƙodar ɗan Adam ne a kan gilashi, ƙananan bututunta duk sun rine, daidai wurin da littattafai suka ce enzayim ɗin da nake nema yana zaune.

Sunansa kabonik anhaidires. Meldrum da Roughton ne suka ware shi daga jajayen ƙwayoyin jini a Kambirij ta Ingila a 1933, daga baya Keilin da Mann suka nuna cewa akwai sinadarin zink a cikinsa. Aikinsa guda ne: ya haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa, su zama asid da baikabonet, ko ya mayar da su yadda suke. Ko babu shi haɗuwar tana faruwa, amma da tafiyar hawainiya. Nau'insa na biyu kuwa yana iya yin ta kusan sau miliyan a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa duk inda jiki ke fitar da asid ko ruwa mai baikabonet ake samunsa a tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓar, wanda ake kira efitiliyam: ƙwayoyin da ke zuba asid a tumbi, magudanan fankiriyas, bututun ƙoda, da wurin da ake samar da ruwan cikin ido. Maganin asetazolamaid da ake ba masu gilakoma tun shekarun 1950, wannan enzayim yake daƙilewa don ruwan idon ya ragu.

Sanin cewa yana cikin ƙoda daban, nuna ƙwayar da yake ciki daban. A 1967 Hansson ya fito da hanyar da ake ɗora yanka a kan ruwa mai kobalt, inda enzayim ke aiki wurin ya yi baƙi. Hanyar tana nuna aiki, amma ba ta bambance nau'i da nau'i, alhali a jikin mutum nau'o'in sun haura goma. Antibodi shi ke bambancewa. Ana yi wa zomo allurar furotin ɗin, jikinsa ya ƙera makamin da ba ya kama komai sai shi, a ɗebo daga jininsa a ɗiga a kan yanka. Sai a kawo antibodi na biyu da zai kama na farko, a rataya masa wani enzayim, feroksides, wanda ke mayar da sinadarin DAB ruwan ƙasa. Da irin wannan dabara masu bincike irin su Spicer a Amurka da Kumpulainen a Finlan suka bi gaɓoɓin mutum ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 1980.

Ban kai ƙofa ba wani dattijo ya tare ni. Ma'aikacin ɗakin gwajin ne, ya fi shekara talatin yana yanka nama a cikin kaki, kowa Baba yake ce masa. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya duba na ɗan lokaci.

"Ya yi kyau. Ina ɗan'uwansa?"

"Wane ɗan'uwa, Baba?"

"Wanda ba ka sa wa antibodin farko ba."

Na san da shi, yana cikin takardar tsarin aikina. Na tsallake shi ne don gilashi mai riƙe nama ya yi mini ƙaranci, kuma a raina ina ganin ɓarna ce a yi wa yanka wahalar yini guda don kawai a ga babu komai. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, gobe ka yi biyu."

Washegari na yi biyu. Na narkar da kakin, na dafa yankan a ruwan sitiret cikin tukunyar matsi don buɗe wuraren da fomalin, ruwan adana nama, ya ƙulle, na bi matakan duka, sai dai ɗayan ruwan gishiri kawai na ɗiga masa a madadin antibodi. Da yamma na ɗora su. Dukansu ruwan ƙasa ne, kuma a wuri ɗaya. Da an cire lambar da ke jikinsu ba zan gane wane ne wane ba.

Ɓarayi biyu ne suka shigo mini. Na farko mai sauƙi: jajayen ƙwayoyin jini suna da abin da ke aiki kamar feroksides, suna rina DAB da kansu. Ana kashe wannan da ruwan haidirojin feroksaid kafin a fara, ni kuwa kwalbar da na ɗauka ta daɗe a buɗe, ta zama ruwa. Na biyu shi ne ya koya mini hankali. Kayan da nake amfani da su na tsarin abidin da bayotin ne, wanda Hsu da abokan aikinsa suka yaɗa a 1981. Abidin furotin ne da ke damƙar bitamin bayotin ba ya saki, da shi ake ɗaure feroksides a jikin antibodi na biyu. Matsalar ita ce ƙoda da hanta suna da nasu bayotin na halitta, kuma dafawar da na yi ta ƙara fito da shi fili. Abidin bai san na wa ba ne, ya damƙi wanda ya tarar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda bayotin ɗin ya taru: a bututun farko na ƙoda, masu cike da maitokondiriya, wurin da kabonik anhaidires na biyu yake da gaske. Da rinin ƙaryar a kan kitse ya fito, ko a tsokar jijiya, da tun ranar farko na yi shakka. Sai ya zo ya zauna a kujerar da na tanadar wa gaskiya, ni kuma na yi masa maraba saboda shi nake jira. Kama da wane ba wane ba ne, amma wanda ya ƙagu ya ga wane ba ya tsayawa duba fuska. Har yau idan sakamako ya zo mini daidai da yadda nake fata, a nan na fi jan ƙafa.

Kayan toshe bayotin na kamfani babu su a wurinmu, kuma ba ni da wata uku na sake jira. Baba ya aiki yaro ya sayo ƙwai da madarar gari marar maiƙo. Na ɗauka shayi za a haɗa. Ashe farin ƙwai shi ne asalin gidan abidin: a tsarma shi a jiƙa yankan, ya rufe bayotin ɗin ƙoda, sannan a bi da madara, bayotin ɗinta ya cike sauran hannuwan abidin da ba su kama komai ba. Daga baya na ga dabarar a rubuce cikin mujallun fannin. Yanzu yawancin ɗakunan gwaji sun koma tsarin folima wanda babu bayotin a cikinsa, sai dai sauran tarkunan suna nan. Kabonik anhaidires ƙarami ne, yana yawo a ruwan ƙwaya, idan nama ya daɗe kafin a jefa shi a fomalin sai ya tsiyaye zuwa maƙwabta ya rina inda ba gidansa ba. Kuma antibodi furotin yake nunawa, ba ya shaida cewa furotin ɗin yana aiki.

Wannan taka-tsantsan ya wuce batun digiri. Nau'in kabonik anhaidires na tara, wanda ke yawaita idan ƙwaya ta rasa iskar oksijin, likitoci suna rina shi don gane wani sankaran ƙoda mai fararen ƙwayoyi, inda yake zagaye kowace ƙwaya kamar katanga. Akwai majinyaci a bayan irin wannan gilashi, da iyalinsa a bakin ƙofa.

Gwaji na huɗu ne ya fito. Na fara ɗora wanda ba a sa wa komai ba, kamar yadda Baba ya ce in riƙa yi. Shuɗi ne fes daga gefe zuwa gefe, har jajayen ƙwayoyin jinin ba su ɗauki launi ba. A ɗayan kuwa sun rine, wannan karon da hujja, domin suna ɗauke da enzayim ɗin. Bututun farko sun yi ruwan ƙasa mai haske, bai kai na ranar farko ba. Da na gangara zuwa bututun da ke tattara fitsari sai na ga abin da ƙazamin rinin ya ɓoye mini: ƙwaya ɗaya ta yi duhu sosai, ta kusa da ita fara, ta gaba ma fara, sai kuma wata mai duhu. Masu duhun su ne ke daidaita asid ɗin fitsari, fararen kuma aikinsu gishiri da ruwa.

Baba ya duba, ya mayar da tabaransa aljihu.

"Ka rubuta lamba a jikin duka biyun," ya ce, "ka ajiye su a akwati ɗaya."