Akwalata, dillali, da tiyon da na ƙi canzawa

Jama'a, yau zancen mota nake tafe da shi. Na san wani zai ce ana ta abin da za a zuba a tukunya wa yake ta mota. Ku yi haƙuri ku karanta, duk tafiyar ɗaya ce.

Ranar Asabar ina wajen wankin mota sai ga wani dillali. Ya zagaya motata sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi, ya bugi taya da ƙafa, sannan ya ce, "Yallaɓai, ba za a sallama mana ba?" Na yi dariya na ce ya taya. Bai yi wata-wata ba ya ce miliyan huɗu. Corolla ce fa ƙirar 2005, na saye ta 'yar Kwatano a 2012 kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, rabin kuɗin ma bashi ne na ƙungiyar ma'aikatan ofishinmu. Shekara goma sha uku ina hawanta, ta kai amare, ta kai gawa, ta ɗauko buhunan masara daga gida, yara biyu a cikinta aka dawo da su daga asibiti ranar haihuwa. Yau kuma a ce za a ba ni fiye da ninki biyu na abin da na biya. Wallahi sai da zuciyata ta ɗan motsa.

Da na koma gida na ɗauki biro sai jikina ya yi sanyi. Lokacin da na saye ta dala tana wajen naira 160, wato na biya kusan dala dubu goma. Miliyan huɗun nan a canjin da ya kai 1,500, ko dala dubu uku ba ta kai ba. Ashe motar tana nan tana tsufa yadda ya kamata, naira ce ta faɗi ta wuce ta. In kuwa na karɓi kuɗin na shiga kasuwa, irinta sak da aka shigo da ita daga waje ta fi ƙarfina. Abin da zan samu shi ne wata ta hannu wadda ban san wahalar da ta sha ba.

Wannan shi ne halin da yawancinmu ma'aikata muke ciki tun 2023. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, kuma tunda kuɗin kwastan da canjin dala ake lissafa shi, kowace mota da kowane kayan gyara da ya sauka a Legas sai da ya bi sahu. Tun kafin nan ma, daga farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, hanyar Kwatanon da muka saba ta toshe. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka mayar da shi a 2024. Ku yi lissafin da kanku. A da in an ƙara maka girma a ofis, abokai sai su fara tsiya, yaushe za mu ga sabon ƙarfe? Daga Big Daddy a koma Muscle, daga End of Discussion a koma Discussion Continues. Yanzu ku leƙa inda ake ajiye motoci a kowace sakatariya, motocin da kuka sani shekara goma baya su ne dai, sai dai fenti ya ƙoɗe. Wasu ma sun jingine tasu a gida sun lulluɓe da tamfol sun koma Keke.

Riƙe mota shekara da shekaru ba sabon abu ba ne a wajenmu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, Peugeot 504 gare shi, Fijo ta Kaduna, wadda aka haɗa a nan Kakuri inda aka fara harhaɗa su a 1975. Da bashin mota na gwamnati ya saye ta sabuwa dal, ledar kujeru ma sai da ta shekara ba a cire ba. Ya riƙe ta har ya yi ritaya. Abin da ba na mantawa shi ne kullum da safe kafin ya kunna, sai ya buɗe bonet ya zaro sandar bakin mai ya goge ya mayar ya sake dubawa, ya leƙa ruwan lagireto, sannan ya yi bisimilla. Mu yara muna ganin ɓata lokaci ne, ga kararrawar makaranta. Bambancinsa da ni shi ne, shi ya san motarsa tun daga kilomita ta farko, kuma albashinsa yana isa ya kula da ita. Ni tawa wani Ba'amurke ne ya fara cin ƙuruciyarta shekara bakwai kafin ta zo hannuna.

To ga inda nake son zuwa. Mutane suna yawan tambayata wace mota ce mai ƙwari, kamar amsar suna ce kawai. Gaskiya ne injin irin wannan Corolla yana da haƙuri, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, kuma kayan gyaransa ko a ƙauye za ka samu. Amma na ga irinta da aka kashe cikin shekara uku, na kuma ga Golf 3 da ke lodin Kaduna zuwa Zariya har yanzu, motar da ta girmi direbanta. A ganina abin da ke kashe tsohuwar mota a ƙasar nan kalma ɗaya ce, maneji. Kuma ni ma sai da ta kusa kai ni ta baro.

Bara kafin Babbar Sallah na kai ta juye. Makanikina, mutum ɗaya ne nake kai wa shekara goma sha ɗaya, ya matsa tiyon lagireto na sama da yatsa ya ce, "Oga, wannan ya kumbura, ya yi laushi. A canza shi kafin ka yi doguwar tafiya." Na ce, "Injiniya, a yi maneji zuwa ƙarshen wata." Ga rago ban saya ba, ga ɗinkin yara. Kuɗin tiyon bai kai na lita goma na fetur ba, amma a ranar ji na yi kamar dutse aka ɗora min. Ya dube ni ya ce to, amma shi ya faɗa.

Washegarin Sallah muka kama hanyar gida, ni da uwargida da yara huɗu. Mun wuce Zariya mun ɗauki hanyar Funtuwa, bayan Giwa kaɗan, rana ta yi ja, sai na ga allurar zafi ta miƙe. Kafin in gangara gefe tururi ya rufe gilashi. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba wajen tsayawa ba ne da magariba. Motoci suna wucewa a guje, ba wanda ya rage gudu, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai tattara yaran a kujerar baya tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Ƙaramin ya tambaya ko mun iso. Wani bawan Allah mai babur ne ya tsaya, ya koma cikin gari ya ɗauko wani yaron makaniki. Da fitilar waya aka yanke inda ya fashe aka ja sauran aka ɗaure, muka zuba ruwan leda sama da ashirin. Awa ɗaya da wani abu muka yi a wajen. Ban taɓa jin tsawon awa irin wannan ba.

Da muka isa ta ce, "Abban yara, ko ka sayar da motar nan ko ka daina ɗaukarmu a ciki." Ban yi musu ba a daren. Amma na san motar ba ta yi laifi ba. Ta ba da sanarwa, an faɗa min, ni na toshe kunne.

Tun daga nan na raba gyara gida biyu. Akwai abin da zai iya jira: fenti, na'urar sanyi, gilashin ƙofar baya da sai an taimaka masa da hannu, rediyon da tasha ɗaya yake kamawa. Waɗannan su jira har Allah Ya hore. Akwai kuma wanda ko bashi ne zan ci: birki, taya, ruwa, bakin mai. Taya ma ba zane kawai ake dubawa ba, akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Da yawa cikin tayoyin Beljiyam da muke saye don araha sun tsufa tun kafin su hau jirgin ruwa.

Sai wasu abubuwa da muka mayar al'ada. Mota tana sauka za a ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye. Alhali aikinsa shi ne ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa. In babu shi injin yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa mai, kai kuma kana zagin gidan mai. Ruwan rijiya a lagireto tsatsa yake haifarwa, ya toshe hanyoyin a hankali. Bakin mai kuwa an rubuta wanda ake so a kan murfin, nawa 5W-30 ne, amma sai a ce a zuba mai kauri don mota ta tsufa, ba tare da an duba ko tana shan mai ba. Ga ƙurar hunturu da ke cika matatar iska, abin da ba ya ɗaukar minti biyar. Kuma don Allah in za a taɓa salansa ku tsaya a wajen. Abin nan da ake kira indomi yana da ƙarafa masu tsada a ciki, mutane da yawa sun dawo gida babu nasu ba su sani ba.

Ba ina ɗora wa makanikai duka laifin ba ne. Sau tari mu ne muke cewa a sa na araha. Makaniki ya ce ga mai kyau ga mai sauƙi, ka zaɓi mai sauƙi, bayan wata biyu ka dawo kana cewa bai iya aiki ba. Abin da ke damuna shi ne, matsin da ya hana mu canza mota shi ne kuma yake cinye kuɗin kula da wadda ke hannu. Motocin da ke kan titunanmu suna ƙara tsufa, masu su suna ƙara talaucewa, kuma kowace tana ɗauke da iyalin wani a hanyar da ba a so a tsaya. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga mota a gefen titi da bonet a buɗe, mace da yara a tsaye a rana.

Dillalin nan ya kira ni jiya ya ƙara dubu ɗari biyu. Na ce masa ya yi haƙuri. Uwargida tana jin wayar, ta harare ni, amma ba ta sake maganar sayarwa ba tun ranar da na nuna mata littafin da nake rubuta duk abin da aka canza da kwanan wata, ta kuma karɓe shi ta ce a wajenta zai zauna. Ita ce ma ta tuna min tayoyin baya na 2020 ne. Albashi na shiga zan wuce in canza su, kuɗin makarantar babbar kuma na riga na roƙi a ɗaga min ƙafa zuwa tsakiyar wata.