Unguwar da Sharar Alƙahira Take Kwana

Daga Masallacin Azhar zuwa Manshiyat Nasir ba wata tafiya ba ce. Mota za ta tsallaka titin Salah Salim, ta ratsa gefen tsohuwar maƙabartar nan da mutane ke zaune a cikinta, sai ga ka a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Duk da haka ɗalibanmu da yawa da ke Alƙahira sukan gama karatu su koma gida ba su taɓa leƙa wurin ba. Ɗan yayata da ke karatu a Azhar sai da na matsa masa kafin ya yarda ya raka ni. "Kawu, bola ce fa," in ji shi. "Me za ka gani a bola?"

Hanci ne ya fara sanar da mu mun iso. Wari kam akwai shi, ga ƙudaje, ga zafi. Lunguna ne matsattsu, gidajen bene na jan bulo hawa biyar hawa shida, yawancinsu ba a yi musu shafe ba. Buhuna waɗanda suka fi mutum tsayi suna ko'ina: a ƙofar gida, a baranda, a kan rufi. Motocin a-kori-kura na kutsowa an lafta musu kaya ya ninka tsayinsu, amalanken jaki na biye, yara na wucewa makaranta da jakunkunansu kamar ba komai.

Sai da idona ya zauna sannan na gane abin ba a hargitse yake ba. Wannan gida kwali kaɗai yake tarawa, ana danne shi da inji a ɗaure da waya. Na gaba robar ruwa ce, an ware fara daga shuɗiya, an cire murafe an zuba su daban domin robarsu ba iri ɗaya ba ce da ta gorar. Can ciki injin markaɗe na ruri, yana mayar da fasassun bokitai da kujeru ɓarɓashi. A wanke, a shanya, a narka, ya fito ƙananan ƙwayoyi da masana'antu ke saya da awo. Wani lungun gwangwanayen lemo ake narkawa a zuba a mazubi su zama sandunan alminiyam. Wani na tsumma ne, wani na kwalba, kowace da launinta. Ƙasan gida wurin aiki ne, iyali suna sama.

Zabbalin ake ce wa mutanen, kuma mafi yawansu Kiristoci ne Kibɗawa. Kakanninsu manoma ne marasa gona da suka taso daga kudancin Masar, musamman yankin Asyuɗ, tun wajajen shekarun 1940. Sun tarar da mutanen da suka zo daga dausayin Dakhla suna riƙe da harkar kwashe shara a birnin, sai suka shiga ƙarƙashinsu, suna karɓar ragowar abinci suna kiwon aladu da shi. An yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri yayin da birni ke faɗaɗa, har a ƙarshen shekarun 1960 hukumar Alƙahira ta tura su gindin wannan dutse, inda babu ruwa babu wuta a lokacin.

Tun kafin asuba maza ke fita. Ba a bakin titi suke jiran shara ba. Bene suke hawa, ƙofa ƙofa, da buhu a baya, su sauko da abin da kowane gida ya ajiye. Ladan da masu gida ke biya a wata ɗan kaɗan ne. Ribar tana cikin buhun, kuma mata da 'yan mata ne ke fito da ita. Na tsaya a wata ƙofa ina kallon wata dattijuwa da surukarta zaune a tsakiyar tulin shara, hannayensu na tafiya ba tare da sun duba ba: leda nan, takarda can, ƙarfe a kwando, abinci a daro. Masu bincike da suka yi aiki a unguwar sun daɗe suna ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da Zabbalin suka kwaso yana komawa ga amfani. Biranen Turai da yawa, da duk injinansu, ba su kai nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hukuma ta yi da wannan baiwa. A 2003 aka ba wasu kamfanonin Sifaniya da Italiya kwangilar kwashe sharar birnin ta shekara 15. Suka kawo manyan motoci masu danne shara, suka jera kwantena a bakin titi. Motocin ba sa shiga lungunan tsohuwar Alƙahira, mazauna bene kuma da suka saba a zo musu har ƙofa ba su ga dalilin saukowa da leda ba, ga shi an ɗora musu kuɗin shara a kan takardar wutar lantarki. Kwangilar kashi 20 cikin 100 kawai ta nemi a sake sarrafawa. Sauran a binne. A ƙarshe kamfanonin da kansu suka koma ɗaukar Zabbalin aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma 2009, lokacin fargabar murar aladu. Gwamnatin Husni Mubarak ta ba da umarnin a hallaka aladun ƙasar gaba ɗaya, wajen 300,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin ba shi da amfani wajen tsayar da cutar. Ni Musulmi ne, ba ruwana da naman alade, kuma na san yadda mai karatu zai ji da ambatonsa. Amma dabbobin nan su ne ke cinye ruɓaɓɓen abincin birni mai mutum miliyoyi. Da aka kawar da su, Zabbalin suka rasa abin da za su yi da shi, suka rage kwasowa, ya taru yana ruɓewa a titunan Musulmi da Kirista baki ɗaya. Iyalai da dama kuma jarinsu ya karye a lokaci guda.

Ba aljanna nake ba da labari ba. Hannayen dattijuwar nan duk tabo ne. Ta nuna mana wani gwangwani da take jefa alluran asibiti da reza da take tsinta, ta ce da masu gida za su riƙa naɗe fasasshiyar kwalba a takarda, su ware abinci daga busasshiyar shara, da rabin wahalarta ta tafi. Ciwon hanta ya yi yawa a unguwar, hayaƙin narka roba na shiga ƙirjin yara, kuma har yanzu akwai 'yan matan da aikin tsinta ke hana su zama a aji. Wanda ya cusa kunzugun jariri da guntun shinkafa da allura a leda ɗaya ya ɗaure, bai san a hannun wa za a kwance ta ba.

Akwai masu ƙoƙari. Wata ƙungiyar kare muhalli da aka kafa a 1984 tana koya wa mata saƙar darduma da jakunkuna daga ƙyallayen da masaƙu ke zubarwa, da yin katin gaisuwa daga tsohuwar takarda. Laila Iskandar, wadda ta yi shekaru tana aiki da mutanen kafin ta zama ministar muhalli a 2013, ta taimaka aka buɗe wata makaranta inda yara maza ke kawo fankon robar man wanke gashi, su ƙirga, su rubuta adadin, a biya su, a markaɗe robar don kada 'yan jabu su sake cika ta. A nan suke koyon lissafi da karatu. Muka haura sama kuma muka ga cocin Sam'an da aka sassaƙa a cikin kogon dutsen, mai ɗaukar dubban mutane. Daga wani wuri a can saman ne kaɗai ake ganin zanen rubutun Larabci da mai zane eL Seed, ɗan asalin Tunisiya, ya shimfiɗa a jikin gidaje kusan 50 a 2016. Daga ƙasa guntu-guntu ake ganinsa.

Ina saukowa ina tunanin 'yan gwangwan da 'yan jari-bola na gida, masu tura baro da maganaɗisu a hannu, waɗanda kayansu ke ƙarewa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu masu kwance wayar wuta da murfin kwalbati, kuma saboda su ne hukumar Abuja ta haramta yawon tsintar bola a cikin birni a farkon 2025. Sai dai Alƙahira ta riga ta gwada ture irin waɗannan mutane gefe, ta sha wuya. Zamanin da Laila Iskandar take minista aka yi wa wasu Zabbalin rajista a matsayin ƙananan kamfanoni, domin su riƙa karɓar kwangilar unguwanni da sunansu, a san wane ne ke kwashe wane layi, a kuma san wanda za a tuhuma idan wani abu ya ɓace.