Ruwa a Cikin Dutse: Tsokaci Kan Dutsen Guga Mai Tururi

Sunan dutsen guga ya girmi na'urar da ake kira da shi a yau. Wanda Bahaushe ya fara sani shi ne na gawayi, wanda ake buɗewa a zuba masa garwashi, a yi ta fifita har ya ɗau zafi. A wancan tsari ruwa ba ya shiga cikin dutse. Mai guga yakan tsoma hannu a kwano ya yayyafa wa tufa, wani ma ya guntsa ya fesa da baki, don haka duk ruwan da ido ya yarda da shi ya wadatar. Dutsen lantarki, wanda Henry Seeley ya yi wa rajista a Amurka a 1882, bai sauya wannan ba. Mai tururi ne ya zo da sabon al'amari, domin a cikinsa ruwa yake tafasa, kuma duk abin da ruwan ya kwaso daga ƙasa a nan yake barinsa.

Wani mai wanki da guga a Sakkwato ya gane haka da tsada. Bayan shekaru yana fama da gawayi sai ya sayi mai tururi, yana cika shi da ruwan burtsatsen unguwarsu. Da aka yi 'yan watanni dutsen ya fara tofar da farin gari, tururinsa ya ragu. Ana saura kwana biyu Sallah ya amayar da jan ruwa a gaban farar shaddar wani dattijo da ya daɗe yana kawo masa aiki. Ya biya kuɗin shadda, amma dattijon bai ƙara aiko da kaya ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, wannan ruwan yake sha, da shi yake alwala, yaya za a ce ba shi da kyau?

Tambayar tasa tana kan hanya. Bahaushe yana auna ruwa da launi da ɗanɗano da wari, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala sun bayyana cewa ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta sauya shi yana nan da tsarkinsa. Dutsen guga kuwa ma'auninsa daban ne. Ruwan da ya ratsa duwatsun farar ƙasa, irin waɗanda ake haƙa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza don yin siminti, yana narkar da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Ido ba ya ganinsu, kuma ba sa cutar da mai sha. Idan ruwan ya tafasa ya zama tururi, sai su tsaya su daskare, su zama farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar shayi. Shi ne yake toshe hujojin tururi, ya haɗu da datti ya ƙone, daga baya ya fito a kan tufa.

A nan akwai giɓi a harshe. Kalmar zartsi ta fi kusa, sai dai ita ɗanɗano take nufi, alhali ruwa yana iya yin daɗi a baki kuma ya kashe dutse. Masu wanki sun fi kowa kusantar ma'anar da suke cewa ruwan kaza ba ya kumfa, ko yana cin sabulu. Wannan ita ce alamar da ta fi sauƙi: ruwan da sabulu ya ƙi kumfa a cikinsa bai dace da dutse ba.

Ruwan sama ba ya ɗauke da waɗannan sinadarai, muddin an bar na farko ya wanke kwanon rufi, sannan aka tace. Na burtsatse kuma, idan aka tafasa shi aka bari ya huce ya kwanta, aka tsiyaye na sama, an rage masa kaifi. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar a gauraya rabin ruwan gida da rabin wanda aka tattara daga tururi. A kasuwa ana kiran wannan ruwan batir, amma da sunan ake kiran asid, saboda haka sai mai saye ya tantance. Ruwan leda kuwa don sha aka tace shi, ba lallai ne an cire masa farar ƙasa ba.

Humra da turare da sitaci wurinsu jikin tufa ne, domin idan suka shiga tankin dutse maiƙonsu yakan ƙone ya bar tabo. Bayan guga a juye sauran ruwa, a ajiye dutsen a tsaye. Sau ɗaya a wata a cika shi, a bari ya yi zafi sosai, a cire shi daga wuta, a danna maɓallin wanke ciki a bisa bokiti har dattin ya fita. Gindinsa a goge da tsumma mai laima bayan ya huce, kada a kankare da soson ƙarfe. Wanda zai goge farar shadda ya fara sakin tururi a kan tsohon ƙyalle, ya ga abin da zai fito.