Abin da Na Koya a Rumfar Kawuna

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku labarin wata gardama da ta taso a gidanmu a Makera, wadda rediyo ce ta jawo ta.

Ina da kawu mai gyaran rediyo a Dutsin-Ma. Tun ina firamare, duk ranar da babu makaranta, rumfarsa nake wuni, ina miƙa masa dalma, ina share ƙura. Wata rana yana murɗa wata tsohuwar rediyo, sai na ji wannan ƙara ta "shuuu" da ake ji tsakanin tasha da tasha. Na ce, "Kawu, wannan wace tasha ce?" Ya yi dariya, ya ce, "Ba tasha ba ce, akwatin ne ke magana da kansa. Gwanin gyara shi ne mai rage wannan surutu har muryar nesa ta fito."

Da na shiga aji huɗu sai Baba ya kira ni, ya ce daga yau in bar zuwa rumfar. A ganinsa gyaran rediyo sana'ar wanda ya faɗi jarrabawa ce, shi kuwa likita yake so in zama. Na yi shiru, gama ba a musu da mahaifi, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ana nan sai malaminmu na kimiyya ya yi mana darasi a kan sauraron sararin samaniya. Ya ce a 1933 wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, ya bayyana cewa wata ƙara da ke damun na'urarsa daga tsakiyar tarin taurarinmu take fitowa. A wajen mita 14 da rabi ya kama ta, wato kusa da mita 16 da iyayenmu suka saba kama tashoshin waje. Daga nan aka fara ƙera manyan kwanuka masu kama da kwanon tauraron ɗan'adam na bisa rufinmu, don a saurari sama.

To, me ake saurare? A tsakanin taurari akwai gajimare na iska da ƙura masu tsananin sanyi, inda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa su zama sinadarai. Kowace ƙwayar sinadari tana juyawa, tana fitar da igiyar rediyo a mitarta ita kaɗai, kamar yadda kowace tasha take da mitarta. Ruwa yana da tasa a santimita 1.35, wadda aka kama a 1969. Iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki tana da tata a milimita 2.6, an kuwa kama ta a 1970. Yau an gano irin waɗannan sinadarai sama da 300 a sararin samaniya, ba tare da kowa ya je can ba.

Amma fa wuyar aikin ba a girman kwano take ba. Igiyar da ta yi tafiyar dubban shekaru tana isowa a raunane ƙwarai. Ita kuma na'urar karɓa, muddin tana da ɗumi, lantarkin cikinta yana motsi yana ta da ƙara, har ya danne saƙon. Saboda haka sai a sanyaya ta. A ƙasar Chile akwai tashar ALMA mai kwanuka 66, a kan tudu mai tsawon mita 5,000 cikin hamada, inda babu laimar da za ta shanye igiyar. Ana sanyaya na'urorinta har digiri 269 ƙasa da sifiri. Ku kwatanta da zafin bazararmu mai kai wa digiri 40! Da na ji haka sai na tuna da maganar Kawu. Ashe aikinsu ɗaya ne, a sa akwati ya yi shiru don a ji muryar nesa.

Kada kuma mu ɗauka abin na Turawa ne kawai. Ɗan Nijeriya, Farfesa Samuel Okoye na Jami'ar Nsukka, ya sami digirin dakta a wannan fanni a Kambirij ta Ingila a 1965. Ghana ta mai da wani tsohon kwanon sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na sauraron sama a 2017. Afirka ta Kudu kuwa ta buɗe MeerKAT mai kwanuka 64 a 2018. Duk wuraren nan suna bukatar hannun da ya iya riƙe dalma ba ya rawa.

Ran nan bayan sallar isha'i, muna zaune a tsakar gida, Kaza da 'Ya'yanta sun taso, na tattara ƙarfin hali na kwashe duk wannan na gaya wa Baba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Wato ruwa irin na madatsar Zobe ne a can sama?" Na ce, "Shi ne, Baba, sai dai tururi ne da ƙanƙara." Ya ce, "Ikon Allah!" Sa'an nan ya yanke hukunci: in riƙa zuwa rumfar ran Asabar kaɗai, da sharaɗin in ci lissafi da kimiyya, in kuwa na faɗi ko ɗaya, magana ta ƙare.

Ga jarrabawa ta matso, ni kuwa lissafi yana ba ni wuya. Amma an ce mai nema yana tare da samu. Ina roƙon iyayenmu kada su raina sana'ar hannu, mu kuma ɗalibai kada mu raina littafi, gama ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Allah ya sa mu dace, amin.