Layin farko na hular jariri

Ya ku 'yan Arewa da ke karatu a nan Ibadan. Tun yajin aikin 2022 na wata takwas na lura da yawanmu mata mun kama saƙa, kuma har yanzu da kuɗin hula da safar jarirai wasunmu ke biyan fotokwafi da data. Ni ma da ita nake tallafa wa digirina na biyu. Shi ya sa nake so mu yi maganar ɗora zare a kan sanda, wato layin farko.

Yawanci da babban yatsa aka koya mana: ki yi zarge, ki riƙa naɗo ulu a yatsa kina zura wa sanda. Akwai sauƙi kam, amma bakin yakan fito sako-sako, wanki biyu ya saki. Wata kuma da sanda biyu ake yi, ana fito da sabon ido daga tsakanin biyun ƙarshe. Wannan tana ba da baki mai ƙarfi, ta dace da gaban rigar sanyi inda maɓalli zai zauna, amma ba ta miƙewa sosai.

Ga hula, ni dai mai dogon jela nake yi. Ki bar jelar zare kamar ninki uku na faɗin abin da za ki saƙa, ki ƙara kaɗan, don idan ta ƙare a tsakiya sai warwara. Jelar a babban yatsa, zaren ƙwallo a manuni. Don Allah kada ki ja da ƙarfi, ki bar 'yar tazara tsakanin ido da ido. Zagayen kan sabon jariri wajen santimita 34 ne, kuma ba kan da za a matsa ba ne. Hular da bakinta ya ɗaure, komai kyan adonta, ko dai ta ƙi shiga ko ta bar shaida a goshin yaro. Mai jego kuwa ba za ta yi miki faɗa ba, za ta daina saye ne kawai, ta kuma gaya wa maƙwabciyarta.

Kafin ki shiga layi na biyu, ki zare sandar a hankali daga gwajin ido goma, ki ja shi da hannu ki gani. Wadda take son gani da ido, ina hostel ranar Asabar bayan la'asar, ta zo da ulunta.