Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Yau asirin kaina zan tona muku, ko Allah ya sa wata ta ji ta tsira daga abin da ya same ni.

A ɗakina, a gidanmu da ke Ƙofar Mata cikin birnin Kano, akwai wani tsohon adudu a ƙarƙashin gado. Bara war haka da za ku buɗe shi, da kun yi dariya. Ga hular da na fara yi wa Baba, na kai rabi na ajiye. Ga rigar sanyi ta ulu da na fara saƙa wa ɗan yayata tun yana goye, hannu ɗaya gare ta, yaron kuwa har ya shiga makarantar allo. Ga zanen tebur na kwarashi, ƙwarya guda ba ta zauna a kansa ba don ƙanƙanta. Sa'an nan ga mayafan ƙyallaye har guda uku. Jimla aiki shida ke nan, ba ko ɗaya da ya kai ga kalmasa.

Wataƙila wata ta ce, mene ne kuma mayafin ƙyallaye? To, ga yadda a ke yinsa. Ki tara ƙyallayen da suka ragu daga ɗinki, ko tsofaffin zannuwa masu sauran ƙarfi, ki wanke ki goge, ki yayyanka su daidai wa daida, tsawo taki ɗaya, faɗi taki ɗaya. Ki harhaɗa su har su yi faɗin gado. Wannan ita ce fuska. Sa'an nan ki shimfiɗa shafi a ƙasa, ki baza auduga sama-sama a kansa, ki rufa fuskar, ki bi da allura layi-layi kina huda duka ukun, don kada audugar ta dunƙule gefe guda in an yi wanki.

A kwalejin horon malamai na koyi wannan aiki, na kuwa zaci na Turawa ne. Sai ran wani hawan Salla na ƙura wa 'yan lifida ido, na ga ashe namu ne tun kaka da kakanni. Lifidin dawakin nan haka a ke yinsa, ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Can ƙasar Bengal ma, watau gabashin Indiya da Bangladash, mata su kan jera tsofaffin zannuwansu bisa juna su bi da ɗinki, su sami abin rufa, suna kiransa kanta. Ko'ina dai mace ba ta son ta ga ƙyalle ya tafi a banza.

To, me ya hana ni gamawa? Ba rashin iyawa ba ne, gaskiya ɗaya ce. Farkon aiki daɗi gare shi. Ranar da tela ya ba ki buhun ƙyallaye, kika zazzage bisa tabarma, kina ɗora ja kusa da rawaya, kina cirewa kina sa kore, sai ki ji kamar ranar Salla. Amma in kin haɗa ashirin, kin haɗa talatin, sai hannu ya fara nauyi, yau ɗinki, gobe ɗinki, duk iri ɗaya. Daidai wannan lokaci ne za ki leƙa Kantin Kwari ki ga wata sabuwar atamfa, ko ki ga hoton wani zane a waya, zuciya ta ce, "Ai wannan ya fi naki kyau, fara shi, in ya so kya koma wa wancan." Ba kuwa za ki koma ba. Haka na yi ta yi, ina ce wa kaina aikin makaranta ne ya yi mini yawa. Alhali kuwa lokacin da na ke ɓatawa wajen duban waya bayan isha'i ya isa haɗa ƙyalle biyar.

A cikin mayafan nan uku, ɗaya na kakata ne, Iya. Wata rana da kaka, ana shirin shiga sanyi, ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwati ta fito da zannuwa huɗu. Akwai wani saƙi da ta ce uwarta ta bar mata, akwai atamfar da ta ɗaura ran sunan Baba, akwai wadda ta tafi aikin Haji da ita. Ta ce, "Kishiya, na ji an ce an koya muku ɗinki a makarantar boko. To, haɗa mini waɗannan in riƙa rufa. Bargon kanti ƙaiƙayi ya ke sa ni."

Na ce, "Iya, kafin hunturu ya kankama kin rufa."

Ta ce, "Allah ya nuna mana."

Na yanka ƙyalle 80 a mako guda, na haɗa 50 a wata guda. Daga nan sai wata ƙawata ta haihu, na ce bari in yi wa jaririn ɗan ƙaramin mayafi tukuna, ai ba zai daɗe ba. Ban gama shi ba na fara na uku. Hunturu ya zo ya wuce. In na shiga gaishe ta da safe, Iya ta kan ce, "Kishiya, ko dai mayafin nan sai na koma ɗakin miji?" Mu yi dariya, in ce saura kaɗan.

Har gargaɗi Allah ya aiko mini ban ji ba. Ran nan ina yi wa 'yan ajina faɗa don sun ƙi gama ɗan hankicin da na sa su, sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malama, mayafin nan na kakarki da kika nuna mana bara, kin gama?" Ajin ya yi tsit. Na ce ta zauna. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasu.

Hunturu na biyu ya zo da hazo mai yawa. Iya ta kama tari, kwana tara aka yi, ran na goma da asuba Allah ya karɓi abarsa. Da na shiga ɗakin, bargon kantin nan da ba ta so shi ne a jikinta. Na sani mayafi ba ya hana ajali. Amma tsohuwar nan abu ɗaya ta taɓa roƙona a duniya, na kuwa yanka mata zannuwan da ta fi so, na bar ta ba zannuwa ba mayafi. Da na sani ƙeya ce, 'yan'uwa. Wata biyar ban iya ko jawo adudun ba.

Ana nan sai aka sa ranar bikin ƙanwata, wata huɗu. Inna ta same ni a ɗaki, ta ce, "Zannuwan Iya suna ina? In ba za ki gama ba, ki ba ni in kai wa tela. Ina so yarinyar nan ta tafi ɗakinta da wani abu na kakarta." Na ce ta bar mini. Ta dube ni, ta ce, "Rana ba ta ƙarya fa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya."

Kashegari na sayi akoko yadi biyar don shafi, na biya marina a rina mini. Ku da ba ku san Kano ba, marinar Ƙofar Mata tana nan daf da ƙofar, kullum ta gabanta na ke wucewa in za ni makaranta. Masu ita suna cewa tun 1498 a ke rini a wurin, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bature matafiyi Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a nan suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. Duk wannan na sha koya wa yara a aji, amma ban taɓa tsayawa na kalli aikin da idona ba sai ran nan.

Wani dattijo, abokin Baba, shi ya karɓi akokon. Ya zauna bakin rami, ya tsoma, ya ɗaga. Na ga ƙyallen ya fito kore-kore, yana shan iska yana juyewa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Na gaji da tsayuwa, na ce, "Baba, me zai hana ka bar shi ciki ya jiƙa gaba ɗaya, ka kama wani aikin?"

Ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, shuni ba ya kamawa a cikin ruwa, sai ya sha iska. In kina son baƙi, sai ki yi ta tsomawa kina ɗagawa har ya kai. Ruwan nan ma da ki ke gani, baba ne da toka da katsi, kwana da kwanaki muna motsa shi kafin ya nuna. Kuma ni ban taɓa sakin zanen wani a rami na kama na wani ba. Kowane zane da mai shi, kowane mai shi da ranar da zai zo karɓa."

Na komo gida maganar nan tana yi mini yawo a ka. Na jawo adudun na zazzage, na dubi kowane aiki na tambayi kaina, wannan na wane ne, yaushe kuma zai karɓa? Rigar ulu, mai ita ya girme ta, na warware na dunƙule zaren na ba maƙwabciyarmu mai saƙa. Zanen tebur ba mai shi, na ba wata ɗalibata da ke son koyon kwarashi. Jaririn ƙawata har ya yi tafiya, mayafi na uku kuwa kwaɗayin launi ne kurum ya sa na fara shi. Sai na farke su duka biyu, na sami ƙyalle 70, na ƙara a kan 50 ɗin nan na Iya, don gadon amarya ya fi na tsohuwa faɗi, ƙyalle 120 ya ke ci. Na Iya na sa a tsakiya, saƙin nan a cibiya, nawa suka kewaye. Hular Baba kaɗai na mayar cikin adudu, na ce ta jira layinta.

Ga dokokin da na kafa wa kaina, ko za su amfani wata.

Na farko, aiki ɗaya a hannu. Komai kyan atamfar da na gani, ba na sa mata almakashi sai na kalmashe wanda na ke yi.

Na biyu, kullum kaɗan, a lokaci guda. Ni bayan la'asar na zaɓa, ƙyalle biyu, ko na gaji ko ban gaji ba. Ƙyalle biyu ba su kai rabin sa'a ba, amma a kwana 35 fuskar ta haɗu. Ke mai miji da 'ya'ya kin fi ni hujja, na sani, to ki yi ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, kada a ɓoye aiki. Abin da ke ƙarƙashin gado mantuwa ta cinye shi. Na rataye nawa a ƙofar ɗaki, allurar tana soke a inda na tsaya, kowa ya shigo ya gani ya tambaya.

Na huɗu, in aiki ya fi ƙarfin hannu ɗaya, a kira gayya. Bin layi da allura shi ne mai cin rai. Asabar uku na tara ƙawayena biyu da gwaggona da amaryar kanta, muka shimfiɗa a tsakar gida, kowa ta kama gefe, na dama fura. Gwaggo tana ɗinki tana nuna mana, wannan ran suna aka ɗaura, wannan ita ta je Makka. Har yarinyar nan da ta kunyata ni a aji na aika ta zo, ta yi layi biyu da hannunta.

Saura kwana shida biki na sa kalmasa ta ƙarshe. Ran jere aka shimfiɗa shi a gadon amarya. Inna ta shafa saƙin nan da tafin hannu, ta daɗe ba ta ce komai ba, sa'an nan ta ce, "Allah ya ji ƙan Iya." Muka ce amin. Na yi murna, ba na musu, amma murnar da sauranta, don wadda ta roƙa ba ta rufa ba ko dare ɗaya.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kina da adudu irin nawa, jawo shi yau, kada ki ce gobe. Wanda ba shi da mai shi, ki bayar ko ki farke, ba abin kunya ba ne. Wanda ke da mai shi, ki dubi mai shi da kyau, musamman in tsoho ne ko tsohuwa, ki sa rana. Ku kuma 'yan makaranta, hankicin nan da malama ta sa ku, ku gama shi kafin ku roƙi sabon ƙyalle, don hannun da ya saba da saki tun yana ƙarami da wuya ya daina.

Ni dai yanzu hular Baba ce a hannuna, saura kwana 20 bisa lissafina, shi ma kuwa ya fara tambaya. Allah ya ba mu ikon cika alkawari. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.