Daga Kakuri Zuwa Kano a Fijon Baba

Ranar wata Alhamis da sanyin safiya muka shiga mota a tashar Unguwa Uku, ni da ɗan yayata, za mu Kaduna ɗauko Fijo 504 ta marigayi mahaifina. Wata 7 ke nan tana hannun wani dattijon bakanike a Kakuri. Kafin nan ta shekara 11 a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, 'yan gwangwan kuma ba su gaji da zuwa taya ta ba. Hajiyarmu ce ta tsaya kai da fata. Duk wanda ya zo sai ta ce masa a motar nan aka kai ta asibiti haihuwar 'ya'ya huɗu, ya nemi wata.

Tun kafin mu bar Na'ibawa yaron nan ya fara nuna mini hotuna a wayarsa: tsofaffin motocin Amurka da aka kwantar da su ƙasa, an sa musu rim mai ƙyalli da baƙin gilashi da salansa mai ruri. "Kawu, da ka ba ni ita, wallahi sai an riƙa tsayawa kallonta a titin Zoo." Na ce ai shi ya sa ban ba ka ba.

Don in sauya zance sai na ba shi labarin hanyar da muke kai. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kakuri, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko kayan daga birnin Liyon na Faransa, a sauke su a filin jirgin Kano, manyan motoci su kwashe su zuwa Kaduna a ɗaura. Ke nan ba mamaki motar Baba, wadda ya saya da bashin ma'aikata a 1981, ta fara bin wannan hanya tun tana cikin akwatuna, injin daban, ƙofofi daban. Ya ce bai taɓa ji ba. Ya koma kan wayarsa.

Da azahar muka isa garejin. Rumfar kwano ce, ƙasa ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli, gawarwakin 504 da 505 jere a bayanta kamar makabarta. Mai garejin ya yi shekaru yana ɗaurin injin a kamfanin kafin ya buɗe nasa wurin. Bai yi gaggawar nuna mana motar ba. Sai da muka yi salla, muka ci tuwo, sannan ya sa yaransa suka yaye tamfol.

Na daɗe ban ce komai ba. Launinta na asali ne, ruwan madara, wanda na manta da shi saboda an sha yi mata fenti. Ashe ƙarƙashin robar marfin but ya leƙa, inda rana ba ta taɓa ba, ya kai wa mai fenti samfur. Fitilun gaba masu siffar idon mage suna nan, bamba ta sha goge, zakin nan na gaba a tsaye. Mai walda ya yanke ƙasan da tsatsa ta cinye ya dasa sabon ƙarfe. Kujerun kuwa fatar da na aiko daga Kano aka lulluɓa musu, amma an bi ɗinkin da yadda yake, layi bayan layi.

Da aka buɗe bonet ne gardama ta tashi. Ɗan yayata ya tambaya me ya hana a jefar da wannan tsohon injin a sa na Toyota. Dattijon ya dube shi, ya goge hannu da tsumma.

"Ɗana, injin Camry a gicciye yake kwance, tayoyin gaba yake ja. Wannan kuwa a tsaye yake, ya karkata gefe, tayoyin baya yake turawa, farfelarsa ma a cikin bututu take. In ka ce sai ka cusa wancan, sai ka yanka nan ka yanka can, ka tashi ba Fijo ba Toyota."

Ya nuna mana abin da ya sa ya fi son injin nata, mai cc 1971: silindojinsa irin masu cirewa ne. In sun cinye, sai a zare su a sa sababbi da fistin da zobba, injin ya dawo yaro. Haka ya yi. Batun rim ma bai yi nisa ba, domin tazarar notocin tayar 504 milimita 140 ce, yawancin rim ɗin da ke kasuwa ba sa shiga sai an yi musu ƙarfa-ƙarfa. Yaron ya yi shiru, amma na ga bai haƙura ba.

Sabon abu duk a ɓoye yake, kuma a nan na fi yaba wa dattijon. An cire kwantak, wanda kowane mai Fijo ya san wahalar gogewa da saita shi a bakin hanya, an sa na'urar lantarki mai ba filogi wuta a cikin gidan na da. Giyarta huɗu ce, ya ɗauko mai biyar daga wata 505 ya daidaita. An sake bututun birki gaba ɗaya, an sa sababbin shokozoba, an ɗaura bel a kujerar baya inda babu shi. Esi ya samu sabon kwamfuresa mai aiki da gas ɗin yanzu. Tsohuwar rediyo tana mazauninta, ba ta magana, mai Bluetooth tana cikin aljihun dashbod, wurin cajin waya kuma a ramin tokar sigari. Baba bai taɓa shan taba ba, don haka wannan ne karo na farko da ramin ya yi amfani.

Abu biyu muka saɓa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 nake tunanin sa mata tukunyar gas, ga shi injin mai kafireto ba ya wahalar juyawa. Ya ce tukunyar za ta cinye but ta kuma danne bayan motar, in bari tukuna. Na bi shawararsa. Na biyun kuwa fanka ce. Shi yana son a bar ta asali wadda fanbel ke juyawa, ni na dage sai ta lantarki da lagireto na alminiyam, saboda na karanta a intanet. Ya yi mini yadda nake so, ya ce, "To, Alhaji, motarka ce."

Juma'a da safe muka shiga Panteka neman hannun ɗaga gilashin baya, wanda ya ɓata tun ina makarantar sakandare. Babu a shago ko ɗaya. Wani saurayi mai narka alminiyam ya karɓi na ɗaya ƙofar, ya danna shi a yashi ya fitar da siffa, ya zuba narkakken ƙarfe. Kafin a kira salla ya goge ya miƙo mana. Sai ka ƙura ido za ka gane wanne ne na Faransa.

Asabar muka kamo hanya. Da gangan na ƙi bin bayan gari, na haye gadar kogin Kaduna na ratsa titin Ahmadu Bello har Kawo. Sitiyarinta ba na wasa ba ne, babu abin da ke taya ka murzawa sai damtsenka, kuma na manta da haka sai da na zo kwana ta farko. Amma da muka wuce Rigachikun ta miƙe, sai na tuna dalilin da ya sa direbobin tasha suka riƙe ta har ta tsufa a hannunsu. Ramin da ƙananan motocin yanzu ke ratse wa, ita lanƙwasawa take yi ta haɗiye shi. Motar da ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, aka daina ƙera ta a Turai a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan nan, ba a banza ta yi wannan suna ba.

A wani shinge kusa da Jaji wani jami'i mai furfura ya tsayar da mu. Bai tambayi takarda ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce da irinta ya koyi tuƙi, ya roƙi in buɗe bonet ya gani.

Kwangila ce ta kunyata ni. Mun tarar da cunkoson tireloli, rana ta take, esi na aiki, sai na ga allurar zafi tana hawa. Na samu na raɓe gefe na kashe. Fankar nan tawa ta intanet ko motsi ba ta yi. Masu shayi da 'yan acaɓa suka taru, kowa da fatawarsa, wani har yana cewa a zuba mata ruwan leda a ka. Na kira Kakuri. Dattijon bai ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi in duba aljihun dashbod, bayan rediyo, akwai ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga rile da fis guda biyu. Ashe tun a gareji ya san inda za a je. Ɗan yayata ne ya canza rilen, dattijon na faɗa masa ta waya, fanka ta tashi, 'yan kallo suka yi tafi. Daga nan har gida bai sake zancen rim ba, tambaya yake ta yi a kan wayoyin da ya gani.

Bayan Tashar Yari na ba shi tuƙi. Ya sa giya ta biyar, ƙarar injin ta kwanta, muka wuce Kwanar Dangora, muka shiga shinkafar Kadawa da Kura, kore shar hagu da dama. Ba zan yaudari kowa ba: motar nan ba ta da jakar iska, birkinta ba irin na zamani ba ne mai hana taya kullewa, kuma tana shan mai fiye da ƙaramar motar da nake zuwa aiki da ita. Ba zan bi dare da ita ba, ba zan kuma ba wa mai gaggawa aronta ba.

Ana kiran la'asar muka haye gadar Tamburawa. Da muka tsaya a ƙofar gida Hajiya ta fito da carbinta, ta buɗe ƙofar baya ta zauna inda ta saba zama. Ta shafa kujera, ta yi wa Baba addu'a, sannan ta leƙa gaba ta ce agogon dashbod ba ya tafiya, alhali da shi yake duba lokacin salla in suna hanya.

Gaskiyarta, shi kaɗai ya gagare mu a Kakuri da Panteka, na kuma zagaya Ƙofar Ruwa ban samu ba. Mai karatu, in akwai mataccen 504 a gidanku kuma agogonsa na nan, don Allah a cire a ajiye mini kafin 'yan gwangwan su iso.